Dokar Katanga a Birnin Kano: Tsayi na Mai Gida Ne, Hanya ta Jama'a Ce

Daga Wakilinmu

Tun daga watan Yuni na 2023, sa'ad da Gwamnatin Jihar Kano ta sa katafila ta rushe gine-ginen da aka yi a Filin Idi da harabar tsohon Otal ɗin Daula da wasu filayen hukuma, maganar rusau ba ta bar bakin jama'a ba. Galibin muhawarar kuwa a kan manyan kantuna da benaye aka yi ta. Amma akwai wani gini wanda kusan kowane magidanci yake da shi, wanda kuma yakan haɗa talaka da hukuma, ya haɗa maƙwabci da maƙwabci, watau katangar gida. Mutum yakan tashi da safe ya tarar an shafa wa katangarsa jan fenti, alhali kuwa bai taɓa sanin akwai wata doka a kanta ba. Ya kamata a duba inda dokar ta samo asali, da abin da ya sa ake yawan karya ta.

Wa Ke da Iko?

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Saboda haka takardar shaidar mallaka da ake ba mutum izni ne na zama a kan fili mai iyaka huɗu, wanda safiyo ya auna ya kafa masa turakun siminti. Duk abin da ke bayan turakun nan ba nasa ba ne, ko da taku ɗaya ne. Sa'an nan Dokar Tsara Birane ta Tarayya mai lamba 88 ta 1992 ta wajabta neman izni kafin a ɗora gini. A 2003 kuma Kotun Ƙoli, cikin shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane aikin jihohi ne. Dalili ke nan da ya sa ƙa'idar katanga ta Kano ba lalle ta zama ɗaya da ta Kaduna ko ta Abuja ba. A Kano, Hukumar Tsara Birane ta Jiha, watau KNUPDA, ita ce mai duba zanen gini ta ba da izni.

Duk da haka akwai iyakokin da suka hau kan kowa, ko a wace jiha yake. A gefen babbar hanyar Tarayya, irin ta Zariya ko ta Maiduguri, an keɓe mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane ɓangare. A ƙarƙashin babbar wayar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330, irin wadda ta taso daga Kaduna zuwa Kumbotso, ana barin fili mai faɗin mita 50, mai kilobolt 132 kuma mita 30. Wanda ya ja katanga cikin waɗannan wurare ya zuba kuɗinsa a inda ba shi da hujjar kare shi.

Gado Biyu

Asalin rikicin shi ne birnin ya gaji tsari iri biyu waɗanda ba su taɓa jituwa sosai ba. Na farko shi ne na gargajiya. Gidan Bahaushe da katanga yake farawa, ko ta ƙasa ce, ko dangar kara ko ta zana, domin ita ce suturar iyali. Baƙo yakan tsaya a zaure, tsakar gida kuwa ta mata da yara ce. Wannan tsari ba kara-zube yake ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da shimfiɗa hukunce-hukuncen gini: kada a buɗe tagar da za ta leƙa tsakar gidan wani, kada a saki indararo a jikin bangon maƙwabci, kada a ci hanya, idan kuwa an yi jayayya a kan faɗinta sai a bar zira'i 7. A ƙarni na 19 Alƙalin Gwandu, Idrisu ɗan Halidu, ya tattara irin waɗannan mas'aloli cikin littafi domin amfanin alƙalai. Mai unguwa da dagaci su ne idon wannan doka, domin sun san iyakar kowa.

Na biyu shi ne na Turawa. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta ware unguwar Turawa daga ta 'yan ƙasa, aka riƙa barin fili mai faɗin yadi 440 a tsakani. A unguwanni irin su Nasarawa gida a tsakiyar fili ake gina shi, a kewaye shi da shuke-shuke ko gajeren shinge, mai wucewa yana hangen ƙofa. Dokar tsara garuruwa ta 1946 ta ɗora a kan wannan tunani, daga gare shi ne kuma ma'aikatan tsara birane suka gaji son gajeriyar katangar gaba wadda ake gani ta cikinta.

Zamani bai goyi bayan wannan tsari ba. Fashi da makami ya yawaita bayan Yaƙin Basasa da ya ƙare a 1970. Rikicin Maitatsine na Disamba 1980 da harin bama-bamai na 20 ga Janairu 2012 sun ƙara wa mutanen Kano tsoro. Katanga ta yi ta hawa, aka ɗora mata fasassun kwalabe, daga baya waya mai ƙaya. Yau ko a Nasarawa da wuya a hangi rufin gida daga titi. Duk ƙa'idar da ta ce wa magidanci ya buɗe gabansa, ta yi karo da al'adarsa da tsoronsa gaba ɗaya, kuma ba za a bi ta ba.

Inda Ɓarnar Take

Amma tsayin katanga ba shi ne ke cutar da jama'a ba, sai dai wurin da aka kafa ta. Mai fuloti ƙafa 50 da 100 yakan ga wurin ya yi masa kaɗan, sai ya turo katanga ƙafa 2 cikin layi. Maƙwabcinsa ya gani, shi ma ya daidaita da shi. Na tsallake su ce ba za a bar su a baya ba. Bayan katanga sai dakali, bayan dakali sai ramin sokawe, sa'an nan shago. Layin da aka yanka da faɗin ƙafa 30 sai ya koma wanda mota biyu ba sa iya giftawa. Wurin da aka bari domin lambatu shi ne farkon abin da ake cinyewa, shi ya sa da damina ta yi nisa a watan Agusta ruwa yakan rasa hanya, ya kwanta a gindin gidaje, ya jiƙa harsashi har bango ya zube. Ran da gobara ta tashi, motar kashe wuta a bakin layi za ta tsaya. A kan kwana kuma doguwar katangar da aka kai har bakin kwalta takan tsare wa direba gani, yaran makaranta su ne cikin haɗari.

Har ila yau akwai batun ingancin ginin kansa. Da yawa sukan ɗora bulo mai ƙarancin siminti har tsayin mutum biyu, babu ginshiƙi, babu rodi, babu harsashin kirki. Irin wannan katanga takan faɗa ne waje, kan mai wucewa ko kan ɗakin maƙwabci.

Laifin ba na magidanta kaɗai ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutane da yawa sun sayi filayensu ne a yankan awon igiya, inda babu taswira balle turakun safiyo. Ga shi kuma ba kowane birkila ne ya taɓa ganin ƙa'idar a rubuce cikin harshen da yake karantawa ba. Ma'aikacin hukuma kuwa sau da yawa ba ya bayyana sa'ad da ake haƙa harsashi, sai bayan an gama yaɓe an sa ƙofa. Dokar da ba a sanar da ita ba sai ranar hukunci, ƙofar cin hanci take buɗewa.

Abin da Ya Kamata

Hanyar gyara a fili take. Da fari, hukuma ta sassauta a kan tsayi, ta amince cewa sutura da tsaro haƙƙin mai gida ne, muddin an sa ginshiƙai, an kuma karya kusurwar katangar da ke kan kwana. Na biyu, ta tsananta a kan iyaka, ba sani ba sabo, ko gidan wane ne. Na uku, a buga ƙa'idodin da Hausa, da boko da ajami, cikin ƙafa da mita, a karanta su a rediyo, a raba wa ƙungiyoyin magina. Na huɗu, a mai da iznin katanga abu mai sauƙi da araha, ma'aikaci ya zo ya nuna layi tun kafin a sa bulo na farko, mai unguwa da maƙwabta suna tsaye shaida.

Ma'aikatan gwamnati su ne ya kamata su fara ba da misali a gidajensu, domin talaka ba zai ja da baya ba matuƙar yana ganin katangar babban ma'aikaci a kan lambatu. Ɗalibai masu koyon safiyo da tsara birane kuma su sani cewa aikin da ke jiransu ya fi yawa a lungunan unguwanni. Kuɗin auna layi kaɗan ne idan aka gwada shi da asarar rusau, ko ta ambaliya.