Richard Lander a Ƙasar Katab: Yadda Littafi Ke Mayar da Baƙo Gwarzo

Turawan da suka ratso ƙasar Hausa a ƙarni na 19 baƙi ne masu neman izinin sarakuna kafin su ɗaga ƙafa, amma littattafai sun fito da su a matsayin gwarazan da suka keta dokar daji su kaɗai. Labarin Richard Lander ya isa misali, kuma ya shafi kudancin Kaduna kai tsaye, domin yana cikin Turawan farko da suka taka wannan ƙasa har suka rubuta abin da suka gani.

Lander yaron gidan Hugh Clapperton ne. Da maigidan nasa ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827, sai saurayin mai shekara 23 ya koma Kano, daga nan ya nufi kudu da niyyar isa Panda, ya bi ruwa zuwa teku. A watan Yuni ya ratsa ƙasar Katab, wato ƙasar Atyap, inda ya ba da labarin ɗaruruwan ƙauyuka kusa da juna da kasuwa mai ci. Ya ci gaba har Darroro, yankin da sarautar Jama'a ta zauna kafin ta koma Kafanchan. A can mahayan Sarkin Zazzau suka cim masa, suka juya da shi Zariya.

Wannan ita ce tafiyar. Hanyar da ya bi ta fatake ce, wadda ayari ke bi da kanwa da tufafi, da kuma bayi, abin da mutanen duwatsun kudu suka daɗe suna ɗanɗana kuɗarsa. Sunan Zangon Katab ma shaida ne cewa matafiya sun saba yada zango a wurin. Lander ya ci abincin masu masauki, ya kwana inda aka sauke shi, kuma da sarki ya ce ya dawo, dawowa ya yi. Tafintansa Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Ba don bakin wannan dattijo ba, da ko cinikin hatsi sai ya gagari baƙon.

Aikin alƙalami ya fara ne bayan ya koma Ingila. A 1829 aka buga bayanin tafiyarsa a ƙarshen littafin Clapperton, gajere, mai bin kwanaki. A 1830 labarin ya sake fitowa cikin juzu'i biyu, an faɗaɗa shi, an ƙara masa gishiri yadda masu karatu na Landan ke so. Mai tafiya ya tsaya a tsakiyar fage, kowa kuma ya zama ɗan kallo. Pasko ya fito a matsayin tsoho mai sata da son mata, abin dariya. Mutanen ƙauyukan da aka ratsa kuwa an fi bayyana shigarsu fiye da sunayensu. Gubar da aka sa Lander ya sha a Badagiri don gwada gaskiyarsa, ya kuma tsira, ta zama irin jarrabawar da jarumin tatsuniya ke ci kafin a ba shi 'yar sarki.

Daga nan abin ya wuce hannun marubucin. Shi da ƙanensa John sun bi Kogin Kwara daga Busa har teku a 1830, kuma Pasko yana cikin wannan tafiya ma. A 1832 ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba Lander lambar yabonta ta farko, daga baya aka gina masa hasumiya a Truro, garinsu. Littattafan makaranta na zamanin mulkin mallaka suka taƙaita komai zuwa jimla guda: wane ya gano Kwara. Haka aka yi wa Mungo Park, wanda ya ga kogin a Segu a 1796 ya mutu a Busa, alhali masunta sun gaji kamun kifi a cikinsa kaka da kakanni. Tun a 1824 ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton taswirar ƙasar, har aka buga ta a Landan a 1826.

Wannan bai sa rubutun Lander ya zama abin yarwa ba. Ya sha wuya ta gaske, kuma ɗan abin da ya rubuta kan Katab yana da daraja ga ɗaliban tarihi a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro, muddin an karanta shi a matsayin shaidar baƙo mai wucewa, aka auna shi da abin da dattawan Atyap da Bajju da Fantswam suka riƙe a ka. Abin takaicin shi ne yaro ya haddace sunan baƙon, bai san ƙasarsu na cikin labarin ba.

Akwai inda ɗan rakiya ya sami bakin magana. Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da ya yi wa Heinrich Barth hidima, ya bi shi Turai a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, J. F. Schön ya rubuta, aka buga a Magana Hausa a 1885. A labarinsa Turawa ne abin kallo, da abincinsu da sanyin ƙasarsu. Ya rasu a Kano a 1912, bayan ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa.