Bindigarka tana da takarda, amma ta shiga rajistar gwamnati?

Ƴan uwa matasa, duk lokacin da aka tada zancen makamai a ƙasar nan, hankali yana tafiya ne kan ɓarayin dajin da suka addabi Madarumfa da Gidan Runji, ko kan bindigogin da suka kwararo daga Libiya tun 2011. Akwai wani mutum da ake mantawa da shi: ɗan kasuwar da ya bi doka, ya kai takardunsa, ya biya abin da aka ce ya biya, aka miƙo masa izinin riƙe ƙaramar bindiga. Ta yaya wannan bawan Allah zai san cewa da gaske sunansa da lambar bindigarsa sun shiga rajistar hukuma?

Kada wani ya ɗauka muna kiran jama'a su nemi makami. Sam. Ƙasar da kowa ke yawo da pisto a ƙugu ba ta ga zaman lafiya ba. Maganarmu ita ce: tunda doka ta yarda a ba wasu izini, to dole ne rubutun wannan izini ya zama na gaskiya, kuma mai shi ya iya zuwa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Takardar da ke aljihunka abu ɗaya ce, layin da ke cikin kundin gwamnati wani abu ne daban. Tsakaninsu akwai hannaye da yawa: wanda ya karɓi dosiye, wanda ya yi bincike, wanda ya sa hannu, wanda ya kwafa cikin kundi. Kowane hannu yana iya kuskure. A mai da 8 ta koma 3 a lambar bindiga. A rubuta Mamane a inda katin ɗan ƙasa ya ce Mahamane. Mu da muka san yadda sunan mutum ɗaya ke fitowa iri uku a takardar haihuwa da ta lakwal da fasfo, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ga kuma ƴan kamasho masu cewa "kawo kuɗin, na san wani a ciki", su dawo maka da takarda mai hatimi wadda ba ta taɓa ratsa wani biro ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An tare ka a shingen jandarma, an buga waya, an ce babu wannan lamba a wurinsu. Ko an sace bindigar, an yi ɓarna da ita, an tsince ta a wani gari. Ko ka sayar tun shekaru uku, amma har yau sunanka ne a kanta. Ko mai ita ya rasu, magada sun same ta a akwati ba su san matsayinta ba. A duk waɗannan, wanda ya bi doka shi ne zai kwana a komisariya yana rantsuwa.

Kuma abin bai tsaya kan mai bindiga ba, ya shafi har wanda bai taɓa riƙe ta ba. Ku dubi Afirka ta Kudu. Wani kanal na ƴan sanda, Christiaan Prinsloo, ya shafe shekaru yana sayar da bindigogin da aka tara domin a lalata su. Sama da 2,000 suka fita ta hannunsa, da yawa suka faɗa hannun ƴan daba a unguwannin Cape Town, aka kuma danganta su da kisan mutane fiye da 1,000. A 2016 kotu ta ɗaure shi shekara 18. Bindigogin nan kamata ya yi a ce sun zama tarkacen ƙarfe, sai ga su a titi suna kashe yara. Rajistar da babu mai duba ta, ɓarawo ne ke cin moriyarta.

Nijar ba ta fara wannan aiki yau ba. Tun 1994 aka kafa hukumar CNCCAI mai tattarawa da sa ido kan haramtattun makamai. Ranar 25 ga Satumba 2000, a Agadas, an ƙona bindigogi sama da 1,000 a bikin wutar zaman lafiya bayan tawayen arewa. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 kan ƙananan makamai ta wajabta wa kowace ƙasa ta buɗe rajista a kwamfuta. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma ficewar ba ta rage ko bindiga ɗaya a ƙasa ba, kuma ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2005 kan bin sawun makamai, wadda ta ce a adana irin waɗannan bayanai aƙalla shekara 20, tana nan. Duk da haka, ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey na 2017 ya nuna kusan bindigogi 117,000 a hannun farar hula a Nijar, wajen 2,000 ne kawai masu rajista. To idan ƴan kaɗan ɗin da suka zo da ƙafarsu ma ba za su iya tabbatar da rubutunsu ba, da wane baki za a ce wa sauran su fito?

Abin ba gagara ya yi ba. A jihar Kaliforniya ta Amurka, cinikin ƙaramar bindiga yana bi ta hannun dillali mai lasisi, bayanin ya wuce rumbun ma'aikatar shari'ar jihar. Mai bindiga yana iya cike takarda, ya tabbatar da sa hannunsa a gaban notar, ya nemi a aiko masa jerin duk makaman da ke rubuce da sunansa. Sai dai can ɗin ma akwai darasi: a Yunin 2022 ma'aikatar ta yi sakaci, sunaye da adireshin mutane kusan 192,000 da suka nemi izinin yawo da bindiga suka fita a intanet. Ku yi tunanin irin wannan jeri a hannun masu satar mutane a kan iyaka. Don haka buƙatu biyu ne suke tafiya tare: mai ita ya iya gani, wanda ba ruwansa kada ya gani.

Ga abin da muke nema daga ma'aikatar cikin gida. Na ɗaya, duk wanda ya ajiye dosiye a ba shi rasit mai lamba da kwanan wata. Na biyu, mai izini ya iya neman shaidar rajista a rubuce a babban birnin jiharsa, Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ba sai ya hau mota zuwa Yamai ba, kuma a ƙayyade kwanakin da za a ba shi amsa. Na uku, idan kuskuren na biro ne, a gyara kyauta. Na huɗu, duk ma'aikacin da ya buɗe rajistar, a san ko wane ne shi da dalilinsa. Na biyar, kowace shekara a bayyana wa jama'a adadi, ba sunaye ba: izini nawa aka bayar, nawa aka janye, bindiga nawa aka ce ta ɓace, nawa aka lalata kuma a gaban wa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kai mai bindiga, ko kai da mahaifinka ko kawunka ke da ita, akwai naka aikin. Ɗauko takardar, ka gwada lambar da ke jikin ƙarfen da wadda aka rubuta, harafi bayan harafi. Duba samfurinta da girman harsashinta. Duba sunan ko ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa. Kada ka biya ko dala ba tare da rasit ba. Ka koma inda aka ba da izinin, ka nemi tabbaci a rubuce, ka ajiye kwafi a wani wuri daban. In ta ɓace, ka sanar da ƴan sanda ko jandarma a ranar, ka karɓi shaida. In ka sayar, kada ka saki jiki sai ka ga an cire sunanka.

Ku tura wannan ga wanda kuka san ya shafa. Duk wanda ya taɓa zuwa neman wannan tabbaci, ya faɗa mana yadda ta kaya, ba tare da ambaton suna ko lambar makami ba. Da irin waɗannan shaidu ne za mu je gaban hukuma.