Kowace Oktoba sabon Python na fitowa, mu a Damagaram yaushe za mu sa baki?

Yau maganar ta ƴan kwamfuta ce, amma wanda ba sana'arsa ba ce kar ya yi saurin wucewa, don sunansa ko na ɗansa na iya shiga ciki.

Duk wanda ya zauna da matasanmu masu koyon shirya manhaja, a Jami'ar André Salifou ko a cikin gari, ya ji suna ambaton Python. Harshe ne da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar da shi a 1991, kuma har gobe ba a sayar da shi ko dala. Asalin rubutunsa a buɗe yake, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya kai gyaran a tantance. Shi kansa Guido ya sauka daga jagoranci a 2018, yanzu kwamitin mutum biyar ne da manyan masu aikin ke zaɓa yake yanke hukunci. Mu da muka tashi muka tarar da gayya a gonaki ba ma buƙatar dogon bayani: gona ce ta kowa, mai hauya ya zo da hauyarsa.

To mu dai har yanzu cin amfanin muke, ba mu zuwa noman.

Tun 2020 ake bin ƙa'idar cewa kowace shekara a watan Oktoba sabon zubi ke fitowa. Na 3.12 ya fito ran 2 ga Oktoban 2023, na 3.13 kuma ran 7 ga Oktoban 2024. Amma ba a Oktoba ake yin aikin ba. Tun watan Mayu ake rufe ƙofar ƙara sabbin abubuwa, a saki zubin gwaji, a ce wa duniya ku gwada a kan injinanku, abin da ya lalace ku faɗa mana. Daga nan zuwa ƙarshen damina mai magana ake saurare. Kowane zubi kuma shekara biyar ake kula da shi, daga nan a sake shi.

Wannan lissafin ya riga ya taɓa mu. Python 3.8 shi ne na ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7, kuma an daina yi masa gyaran tsaro a Oktoban 2024. Ku leƙa tsofaffin kwamfutocin da ake koyo a kansu a garin nan, waɗanda aka sayo na hannu, ku ga nawa ne ke kan Windows 7 ɗin. Ba mu ce an zalunce mu ba, don kamfanin Microsoft da kansa ya yar da ita tun Janairun 2020. Sai dai an sanar da ranar shekaru kafin ta zo, a fili. Da muna cikin masu bin zancen, da tuni an mayar da injinan nan kan Linux mara nauyi, yaro ya ci gaba da koyo da sabon zubi, ba ya je neman aiki da ilimin da ya kwana biyu ba.

Sai batun haruffanmu, wanda shi ya fi ci mana rai. Tun fitowar Python 3 a 2008 harshen ke karɓar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba tare da wahala ba, har mutum na iya kiran wani abu a cikin manhajarsa "ƙofa" ta yi aiki. Madalla. Amma ka ba shi sunayen ɗalibai ka ce ya jera su bi da bi, sai ka tarar da Ɗanladi da Ƙasimu can ƙasa bayan Zainabu. Dalili shi ne kowane harafi yana da lamba a tsarin Unicode, kuma lambobin haruffanmu masu lanƙwasa sun zo bayan ta z. Mai shirya manhajar da ke sauri me zai yi? Sai ya cire lanƙwasar ya huta. Baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, sunan mutum ya fita a takarda ba yadda ubansa ya raɗa masa ba. Ga kuma bambancin rubutu tsakaninmu da ƴan'uwanmu na Kano da Katsina: mu muna rubuta ƴaƴa, su suna rubuta 'ya'ya. Kalma ɗaya ce a baki, amma kwamfuta biyu take gani, in ka nemi ɗaya ba za ta kawo maka ɗayar ba.

Gyaran wannan ba wani tashin hankali ba ne. Ɗan ƙaramin kayan aiki ne da ɗalibi mai ƙwazo zai rubuta, malamin Hausa ya duba masa jerin haruffan, a ajiye shi a rumbun PyPI inda masu Python na duniya ke ɗaukar kayan juna kyauta. Mutumin Amsadam ko na Kalifoniya ba zai zauna ya yi mana wannan ba, kuma ba mugunta ba ce, bai taɓa ganin Ɗanladi ya faɗo bayan Zainabu ba.

Haka littafin jagoran Python. Masu sa kai sun fassara shi zuwa Faransanci, shi ne ma wanda yawancin ɗalibanmu ke karantawa, an yi na Sifaniyanci da Japananci da Turkanci. Hausa ba ta cikin jerin. Wasu za su ce ai duk mai shiga wannan fanni yana jin Faransanci. Mu ba mu yarda ba. Ku tsaya wajen masu gyaran waya a kasuwar Dole ku ga yaron da ya bar lakwal tun yana ƙarami yana warware abin da ya gagari mai digiri. Ƙwaƙwalwa ba ta gaza masa ba, harshen littafin ne ya tare shi. Kuma ba duka littafin ake buƙata kafin a sa harshe a jerin ba, darasin farko da wasu ƴan shafuka ne sharaɗin.

Mun san za a ce garin da ke fama da ƙarancin ruwa da ɗaukewar wuta ina shi ina wannan zance. Gaskiya ne ruwa ya fi gaggawa. Amma rajistar asibiti da jerin sunayen masu jarrabawa duk suna komawa cikin kwamfuta ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kuma wani ne zai rubuta manhajar. A ƙarni na 19 Sarki Tanimun yana sayo makamai ta hanyar Sahara, amma bai tsaya nan ba, ya sa maƙeran garin nan suka ƙera igwa da hannunsu. A Akara an yi taron PyCon Afirka na farko a 2019, ƴan Najeriya ma suna da nasu taron. Mu ba ma sai mun fara da babban taro ba.

Roƙonmu ga malaman jami'a da ƙungiyoyin matasa shi ne a samu ɗaki ɗaya mai hasken rana, ranar Asabar. Mutum ɗaya ya sauke zubin gwaji ya rarraba wa saura a filas, tunda kuɗin intanet ba wasa ba ne. Masu Hausa su zauna da masu kwamfuta a daidaita kalmomi, a fara da shafi ɗaya. Wanda ya ga kuskure a rubuta shi tare, a aika da sunan wanda ya gano. In akwai waɗanda suka riga suka fara irin wannan a Birni, Zango ko Garin Malam, su yi mana magana a ƙasan wannan rubutu mu haɗa su da juna kafin watan Mayu.