Tarho Mai Juyawa Ya Ƙi Kira: A Ina Laifin Yake?

Har yanzu akan tarar da tsohon tarhon nan mai faifan lambobi da ake juyawa da yatsa, ko a gidajen da suka gaje shi tun zamanin P&T da NITEL, ko a hannun masu sha'awar kayan da. Kukan da aka fi yi da shi ɗaya ne: in an kira shi yakan yi ƙara, magana kuma tana fita sarai, amma da an juya lamba sai ya yi kunnen uwar shegu. Da yawa sun jefar da lafiyayyen tarho a kan wannan, alhali kuwa sau da yawa laifin ba nasa ba ne.

Ya kamata a fara sanin yadda yake aiki. Shi wannan tarho ba ya aika sauti zuwa injin gidan waya. Abin da yake yi shi ne katse wutar layi yana mayarwa. In aka juya 3 aka saki, faifan zai katse wutar sau uku a kan hanyarsa ta komowa. In 0 ce, sau goma. Ƙa'idar gudun kuwa katsewa goma ce cikin daƙiƙa ɗaya. Asalin dabarar daga Almon Strowger ne, wani mai sana'ar shirya jana'iza a Amurka, wanda ya sami takardar mallakar injin haɗa waya a 1891. A 1963 kamfanin Bell ya fito da tarho mai maɓallai, wanda ke aika amo maimakon katsewa. To, in kiɗa ya sauya, rawa ma takan sauya: yawancin akwatunan da ke haɗa tarho da intanet a yau amo kaɗai suke ganewa.

Saboda haka gwaji na farko na layi ne. Mutum ya ɗauki kan tarho ya saurari ƙugin layi, kana ya ƙyasta maɓallin da kan ke dannewa in an ajiye shi, da sauri, sau biyu ko uku. Wannan ƙyastawa daidai take da aikin faifai. Idan ƙugin ya ɗauke, layin yana jin yaren tarhon, sai a koma kan faifai. Idan kuwa ƙugin ya ci gaba kamar ba a yi kome ba, galibi layin ne bai san katsewa ba. Maganinsa ɗan akwati ne da ake sa wa tsakanin tarho da layi, mai mayar da katsewa amo. Wasu akwatunan intanet kuma suna da wurin da ake kunna karɓar katsewa a cikin saitinsu.

In faifan ne, sai a juya 0 a saki, a lura da agogo. Lafiyayye yakan komo cikin kimanin daƙiƙa ɗaya, ba tsayawa, ba ɗingishi. Wanda ya yi nawa, ko ya zabura, lambar da ba ita ba zai aika, ko injin ya ƙi karɓa ɗungum. A bayan faifan akwai wani ɗan birki mai wulwulawa, shi ke daidaita gudu, kuma ƙurar hunturu da tsohon mai da ya daskare su ne manyan abokan gabansa. A wanke haƙoran da ɗan burushi da sifirit, a ɗiga man agogo kaɗan a kan sandunan da ke juyawa. Amma fa kada mai ya taɓa cikin kwanon birkin, domin da gogayya yake aiki. Wanda ya feshe shi da mai ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Daga nan sai a duba 'yan siraran ƙarafan nan biyu da ke manne da juna, waɗanda ke rabuwa suna haɗuwa yayin da faifai ke komowa. In ba su rabuwa, ko an ɗaura wayoyinsu a ƙusar da ba tasu ba, ƙugi ba zai ɗauke ba ko da an kwana ana juyawa. In sun yi datti, a ratsa farar takarda tsakaninsu a ja a hankali. Kada a goge su da sanfefa, kada kuma a lanƙwasa su da ka. Kafin a buɗe tarho lalle a zare wayarsa daga bango, gama wutar da ke sa shi ƙara takan kai bolt 75 zuwa 90, tana kuwa fizga.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi. Wannan tarho ba shi da alamar tauraro ko ta tsani da injunan amsa kira ke nema, kuma in ta akwatin intanet aka haɗa shi, da an ɗauke wuta shi ma ya mutu. Gidan da ke da tsoho ko majinyaci kada ya dogara da shi kaɗai don ranar gaggawa. A gyara shi, a gwada kira da shi, amma a ajiye wata wayar kusa.