Ramukan da Babu Su: Raddi ga Takardar da Ake Rabawa a Kafanchan

Wata takarda mai shafi biyu, ba suna ba adireshi, tana yawo a hannun matasa a Kafanchan, an ce har ta kai Kagoro da Zonkwa da Gidan Waya. Abin da take cewa ba shi da tsawo. Wai kororon roba cike yake da ramukan da ido ba ya gani, ƙwayar cutar ƙanjamau tana bi ta cikinsu ta wuce abinta. Wai sumba ɗaya ta isa ta sa wa mutum cutar, tunda ƙwayar tana cikin yawu. Wai su kansu likitoci sun yarda kororo ba ya karewa ɗari bisa ɗari, saboda haka da shi da babu duk ɗaya. Sannan ta rufe da cewa mutum ɗaya cikin goma a jihar Kaduna yana ɗauke da cutar. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma zan yi ƙoƙarin yi wa marubucin adalci, duk da shi bai yi wa mai karatunsa ba.

Yana wa'azin kamun kai, kuma babu wanda yake ja da shi a kan wannan. Limami ya faɗa a huɗubar Juma'a, fasto ya faɗa ranar Lahadi, likita ma ya san wanda bai kusanci kowa ba ba zai ɗauki cutar ta wannan hanya ba. Da a nan takardar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Inda muka raba hanya shi ne inda ya ga wa'azinsa ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai ya tokare shi da ƙarya.

Mu fara da ramukan, domin a kansu ya ɗora komai. Wannan magana ba a Kafanchan aka haife ta ba, kuma ta girmi yawancin masu karanta takardar. A 1988 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani ɗan rahoto a kan safar hannu ta roba, irin wadda ma'aikatan asibiti suke sawa, inda aka ce an ga ƙananan kafofi a jikinta. Safar hannu, a lura. Bayan 'yan shekaru sai wasu a Amurka suka ɗauki abin da aka gani a safar suka jingina wa kororo, ba tare da sun damu da cewa ba a ƙera su iri ɗaya ba, ba a kuma gwada su iri ɗaya ba. Kororo sau biyu ake tsoma shi cikin ruwan roba, don in shafin farko ya bar wani gurbi na biyu ya rufe. Maganar ta sake samun fiffike a watan Oktoba na 2003, lokacin da Kadinal Alfonso López Trujillo, ɗan ƙasar Kolombiya mai kula da ofishin harkokin iyali a Vatikan a lokacin, ya gaya wa shirin Panorama na BBC cewa ƙwayar HIV ta fi ɗan maniyyi ƙanƙanta sau 450, don haka za ta iya ratsa robar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaryata shi nan take. Ko a cikin cocin ba kowa ya bi shi ba. Bishop Kevin Dowling na Rustenburg a Afirka ta Kudu, wanda a lokacin yake binne mutanen da cutar ta kashe, ya daɗe yana cewa a yi amfani da kororo don kare rai. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce coci nake yi wa raddi. Na ji wannan magana ta ramuka daga bakin masu rawani ma, kalma da kalma.

To, lamba 450 ɗin nan ce marubucinmu ya kwafo, har ya ja mata layi biyu. Eh, ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, faɗinta kusan kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ne. Sai me? Ƙanƙantar abu ba ta huda rami inda babu rami. Ɗan ƙwayar ruwa, wato ƙaramin abin da ruwa ya haɗu da shi, ya fi ƙwayar HIV ƙanƙanta sau ɗaruruwa, iska ma haka. Malam marubuci bai taɓa ganin yara sun samu kororo sun hura shi kamar balan-balan suna ta buga shi a tsakar gida har yamma ba? Ina iskar ta bi? A masana'anta kuwa abin ya wuce wasan yara. Kowane kororo, ɗaya bayan ɗaya, ana sa shi a jikin wani ƙarfe a bi shi da lantarki. In akwai huda komai ƙanƙantarta wutar za ta ratsa, na'ura ta jefar da shi. Daga kowane rukuni kuma ana tsamo wasu a cika su da ruwa milimita 300 a duba ko za su yi yoyo, wasu a hura musu iska har lita 18 ko fiye kafin su fashe. A shekarun 1990 masu bincike na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka sun yi gwajin da ya fi wannan tsanani: suka zuba ƙwayar cutar gwaji wadda ta fi HIV ƙanƙanta nesa ba kusa ba a cikin kororo, suka matsa. Robar kirki ta riƙe ta.

Wataƙila ya ce wannan duk aikin ɗakin gwaji ne, shi mutane yake so ya gani. Madalla. A 1994 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken da Isabelle de Vincenzi ta jagoranta a ƙasashen Turai, a kan mata da miji ko masu zaman tare waɗanda ɗaya yana da cutar ɗaya ba shi da ita. Gidaje 124 sun yi amfani da kororo a kowace saduwa, jimillar saduwa kusan 15,000. Ko mutum ɗaya bai kamu ba. A gidaje 121 da suke sawa yau su bari gobe, mutum 12 suka kamu. Wannan kuma kafin a samu magungunan zamani masu danne ƙwayar, lokacin da jinin mai cutar yake cike da ita. In da ramukan nan gaskiya ne, sau 15,000 ƙwayar ta zo bakin ƙofa a buɗe ta ƙi shiga. Ina son marubucin ya zauna da wannan lissafi ya gaya mana abin da ya hana ta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwai abubuwan da da gaske suke lalata kororo, kuma takardar ba ta ambaci ko ɗaya ba. Man basilin da man kaɗanya da man gyaɗa da man shafawa duk suna cin roba cikin 'yan mintuna. Zafi yana lalata shi: wanda ya yi wata uku a aljihun baya na ɗan acaɓa, ko a kan tiren mai talla a rana tsaka a tashar mota, ba abin dogaro ba ne. Akwai wanda kwanan watansa ya wuce, akwai wanda ba shi da lambar NAFDAC, akwai mai yage fakiti da haƙori, akwai mai haɗa biyu wai don ƙarin tsaro alhali gogayyarsu ce take yaga su. Da Gold Circle ne ko waninsa, ƙa'idar ɗaya ce. Wannan ne abin da saurayi yake buƙatar ya sani. An bar shi da tatsuniya.

Sai sumba. Gaskiya ne akan iya samun ɓurɓushin ƙwayar a yawun mai cutar, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma yawu ba gidan zamanta ba ne. Tun 1995 masu bincike a Amurka suka gano wani sinadari a cikin yawu da yake hana ta kama ƙwayoyin jini. Hanyoyinta sanannu ne: jini, maniyyi, ruwan gaban mace, ruwan dubura, nonon uwa. A duk shekarun da Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta yi tana bin diddigin yadda mutane suke kamuwa, labari ɗaya ta buga, a watan Yuli na 1997, na wata mata da ake kyautata zaton ta ɗauka ta sumba mai zurfi. Shi namijin dasashinsa yana zubar da jini, ita ma tana da ciwon dasashi. Jini ne ya yi aikin. Kafin nan, a 1986, Gerald Friedland da abokan aikinsa a birnin New York sun gwada mutum 101 da suke zaune gida ɗaya da masu ƙanjamau, suna ci a kwano ɗaya, suna sha a kofi ɗaya, suna rungumar juna suna sumbatar juna a kumatu da leɓe. Yarinya ɗaya kawai aka samu da cutar, ita ma alamu sun nuna tun wajen haihuwa ta samu daga mahaifiyarta.

A nan zan ba marubucin abin da yake nasa, ko da yake bai nema ba. Sumba tana ɗaukar wasu abubuwa. Ƙurajen nan masu ruwa da suke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi ta sumba suke yaɗuwa. Tunjere ma yakan bi ta nan in akwai gyambonsa a baki. Kuma kororo, duk da yana tare ciwon sanyi da HIV sosai, kariyarsa ba ta kai haka ba a kan cututtukan da suke bi ta taɓawar fata, irin su tunjere da ƙwayar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa, domin ba ko'ina yake rufewa ba. Shi ya sa Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV a watan Oktoba na 2023. Da ya rubuta wannan da ya yi wa jama'a hidima. Amma tunjere ba ya tsorata mutane kamar ƙanjamau, shi kuma tsoro yake sayarwa.

Wa zai biya kuɗin wannan tsoron? Ba mazinacin da yake hari ba. Shi an ce masa kororo banza ne, sai ya yar da shi ya ci gaba da abin da yake yi. Wadda za ta biya ita ce matar auren da aka gwada mijinta aka samu yana da cutar, ita ba ta da ita. Irin waɗannan gidaje suna nan a Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba, na Kirista da na Musulmi, kuma ma'aikatan asibiti a Kafanchan suna ganin su. Ita ba wa'azin barin zina take buƙata ba, mijinta ne na aure. Haka uwar da za ta ji tsoron sumbatar jaririnta, da ɗalibin da za a ware wa kwanonsa a ɗakin kwana. Akwai dokar tarayya ta 2014 da ta haramta nuna wa masu cutar ƙyama, amma doka ba ta shiga ɗakin girki. Wanda ya ga yadda ake yi da maƙwabcinsa ba zai je gwaji ba, wanda bai je gwaji ba kuwa shi ne yake yaɗa ta bai sani ba.

Sai batun ɗari bisa ɗari, wato cewa kariyar kororo kashi 80 ce. Lambar gaskiya ce, daga wani nazari na ƙungiyar Cochrane a farkon shekarun 2000, kuma ta haɗa har da waɗanda suka ce kullum suna sawa alhali wani lokaci sun manta ko sun sa ba daidai ba. Amma ko a bar ta a haka, rage haɗari da kashi 80 yana nufin cikin mutum biyar da za su kamu, huɗu sun tsira. Wanda ya ce wannan daidai yake da sifili, ban san makarantar da ya yi lissafi ba. Kuma bai ambaci abin da ya sauya komai ba: binciken HPTN 052 a 2011, da na PARTNER a 2016 da 2019, sun nuna mai shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. In kuma kororo ya fashe, akwai maganin gaggawa da ake fara sha cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Babu ko layi ɗaya a kan wannan.

Mutum ɗaya cikin goma kuwa tsohon adadi ne. Wani binciken ƙasa na 2012 ya ba jihar Kaduna kashi 9.2. Babban binciken NAIIS na 2018, wanda aka bi gida-gida ana gwada jini, aka kuma bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya samu kusan kashi 1 a jihar, kashi 1.4 a ƙasa baki ɗaya. Hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jihar, KADSACA, tana Kaduna, da ya tambaya.

Ya ce raba kororo yana koya wa yara lalata. Wannan ra'ayi ne, ya riƙe abinsa; bai kawo hujja ba, ni ma ba zan ɓata tawada ba.

A ƙasan shafi na biyu, da ƙananan baƙaƙe, har sauro ya sako. Ƙwayar ba ta rayuwa a cikin sauro, kuma sauro yawunsa yake zuba wa mutum, ba jinin wanda ya ciza ɗazu ba. Da yana ɗaukar ta, da yara 'yan firamare, waɗanda yake ci kowace damina daga Kwoi har Manchok, su ne suka cika layin karɓar magani.