A Kula Da Ramin Sokawe Lokacin Yankan Ciyawa

Da na yi nufin makon nan mu yi zancen yaye, amma wani abu ya auku a gidan yayata wanda ya sa na jingine wancan zance tukuna.

Gidan nan yana bayan gari, da fili babba, kuma makewayinsa irin na ruwa ne. Da kaka ta yi, ciyawa ta kai ƙugu, ana tsoron macizai. Sai maigidan ya yi jinga da wani mai tarakta, irin wadda ake ɗaura wa injin yankan ciyawa a baya, domin a gama aikin yini guda. Direba ya yi kewaye biyu lafiya, a na uku sai muka ji rugum! Ƙafar baya ta tarakta ta burma cikin ƙasa. Ashe murfin ramin sokawe ta taka, ciyawa ta ɓoye shi. Allah ya kiyaye, direban ya dira da ransa. Amma abin da ya hana ni barci shi ne, a bisa wannan murfi yaran gidan suke zama suna wasa duk rani.

To, bari in bayyana muku yadda ramin yake, gama wadda ta san abu ita ke iya tsare shi. Ƙazantar makewayi takan bi bututu ta zuba cikin wani ginannen tanki a ƙarƙashin ƙasa. A can mai nauyi ya kwanta, mai maiƙo ya taso sama, waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su riƙa cin sa. Ruwan da ya rage ya bi wani bututu zuwa rami na biyu, watau sokawe, inda ƙasa take shanye shi sannu a hankali. Shi ya sa sau da yawa ciyawar wurin ta fi ta ko'ina tsawo da kore, kuma ita ce mai tarakta zai fara nufa.

Murfin kuwa, maginin gida yakan zuba shi ne don ɗaukar mutum, ba don mota ba. Har wa yau iskar da ke tashi a ciki tana cin siminti ta ƙarƙashi, rodi ya yi tsatsa, alhali ta sama sumul kike ganinsa. Da muka duba gutsattsarin na gidan yayata, da hannu ake marmashe cikinsa.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, irin wanda nake ba 'yan ajina. Tarakta matsakaiciya takan kai tan biyu da rabi, watau nauyin buhun siminti 50. Tankar ruwa mai lita 10,000 kuwa, ruwan cikinta kaɗai tan 10 ne, ban da nauyin motar. Wace ce cikinmu za ta yarda a jibge mata buhu 50 a kan murfin raminta? Ko murfin bai fashe ba, bututu ba su da zurfi, sukan tsage, kuma ƙasa in tana da danshi takan danƙare ta ƙi shan ruwa. Bayan 'yan watanni sai wari, sai ƙazanta ta komo makewayi, ba wanda zai tuna da tarakta.

Abin yi kaɗan ne. Da farko ki san inda raminku yake. In ba ki sani ba, ki tambayi maigida ko maginin da ya yi aikin. Sa'an nan a kafa turaku ko a jera duwatsu kewaye da shi, a bar tazara kamar taku biyar, a shafa musu farar ƙasa, tun kafin ciyawa ta tashi. Tarakta da tifa da tanka duk su tsaya daga waje. Ciyawar ciki a yanke ta da lauje ko langalanga, ran da ƙasa ta bushe, kuma a lura da bututun da ke fitar da iska kada a sare shi. Kada a tumɓuke ta, domin gajeriyar ciyawa tana riƙe ƙasa. Itatuwa su ne abin gudu, irin su darbejiya da mangwaro, gama saiwarsu takan bi laima ta shiga bututu.

Ga maganar da ta fi duka. In murfi ya fashe, ko akuya ko wani abu ya faɗa, kada kowa ya shiga, kada a leƙa da fitilar aci-balbal ko ashana. Cikin iskar ramin akwai mai kama wuta, akwai kuma mai warin baragurbin ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci ma yakan daina jin ta, ta sumar da ƙato nan take. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. A janye yara, a tare wurin, a kira 'yan kwana-kwana.

Na san wata za ta ce, "Malama, ai wannan aikin maza ne." Gaskiya ne, amma ran da mai tarakta zai zo, maigida yana wurin aiki, ke ce a gida. In ba ki fita, ki aiki yaro ya nuna masa turakun. Shi kuma maigida ki gaya masa cikin ladabi, bayan ya ci tuwo ya huta, cewa ladan mai lauje bai kai kuɗin sabon murfi ba. Mijin yayata ya biya magini, ya biya masu kwashe rami, ya kuma biya waɗanda suka jawo tarakta. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Zancen yaye sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

Taku,
Malama