Rumbu Uku, Ajali Ɗaya: Darasi Daga Khartoum da Omdurman

Shekaru kaɗan kafin yaƙi ya ɓarke a Sudan, ina zaune a Omdurman, kowace safiya nakan ƙetare gadar Farin Nilu zuwa wata cibiyar ilimi a Khartoum inda nake koyarwa. Rumbun bayanan ɗalibanmu, wato rajistarsu da sakamakon jarrabawarsu, yana kan na'urori uku, kowace ɗaya tana riƙe da kwafin abin da ke cikin 'yan'uwanta. Duk wanda ya nuna fargaba sai a ce ya kwantar da hankalinsa, ai in ɗaya ta faɗi akwai biyu. Sai dai ma'aikacin da ke kula da su yana da wata al'ada: kowace Alhamis da yamma, kafin a tashi hutun mako, yakan kashe su ya sake kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Dakta, in na bar su suka kwana goma, nauyi suke yi." Wata rana rashin lafiyar mahaifiyarsa ta kai shi ƙauye ana tsakiyar rajista, Alhamis ta wuce ba wanda ya taɓa na'urorin. Kafin wata Alhamis ta zagayo, duka ukun suka tsaya a yini guda, ɗalibai na tsaye a rana da takardun biyan kuɗi a hannu.

Ra'ayina, wanda wannan lamari ya fara dasa mini kuma yaƙi ya ƙarfafa, shi ne: kwafi uku da ke ɗauke da aibi iri ɗaya, ko suke zaune a wuri ɗaya, a lissafin tsaro kwafi ɗaya ne.

Mene ne yoyon ƙwaƙwalwa?

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai faifai, wanda ke kamar littafi, abin da aka rubuta a cikinsa yana nan ko an kashe wuta. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wadda ke kamar allon almajiri: a rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubutawa. Duk lokacin da manhaja za ta yi wani aiki, sai ta ari wani yanki na allon, in ta gama ta wanke ta mayar. Idan aka yi kuskure wajen rubuta manhajar har ta riƙa ara ba ta mayarwa, to wurin rubutu zai yi ta raguwa har ya ƙare. Wannan shi ake kira yoyon ƙwaƙwalwa, kodayake in an bi ta barauniyar hanya za a ga ya fi kama da cin bashi ba biya.

A ɗauka na'ura tana da gigabait 16, aikinta na yau da kullum yana cin 6, manhajar kuma tana riƙe gigabait ɗaya kowace rana ba ta saki. Kwana tara za a yi lafiya lau, babu wanda zai ga alamar komai. A rana ta goma allo ya cika. A tsarin Linux, wanda yawancin irin waɗannan na'urori ke amfani da shi, akwai wani ɓangare da ke kashe manhajar da ta fi cin wuri idan ƙwaƙwalwa ta ƙare, kuma sau da yawa rumbun bayanan ne kansa ya fi kowa ci. Da yayyafi kogi kan cika.

Kashewa da kunnawa tana wanke allon gaba ɗaya, shi ya sa dabarar abokin aikina ta yi ta aiki shekara da shekaru. Illarta ita ce ta ɓoye ciwon, ta kuma rataya lafiyar rumbun a wuyan mutum ɗaya da ranar Alhamis.

Dalilin da ya sa tagwaye ke faɗuwa tare

Hikimar yin kwafi ta ginu ne a kan zaton cewa abin da zai sami na'ura ɗaya ba zai sami sauran a lokaci guda ba. Zaton ya yi daidai idan faifai ne ya lalace ko waya ta ƙone. Yoyo kuwa a cikin manhaja yake, manhajar kuma iri ɗaya ce a kan dukkan na'urorin, an kunna su rana ɗaya, suna karɓar rubutu iri ɗaya. Saboda haka tare suke cika. Da zarar ta farko ta faɗi, kayanta ya koma kan biyun da su ma suke gab da cika, sai faɗuwarta ta gaggauta tasu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsala ce ta ƙananan cibiyoyi marasa kuɗi. A ranar 22 ga Oktoba, 2012, wani ɓangare na cibiyar bayanan kamfanin Amazon da ke jihar Virginia ta Amurka ya tsaya, shafuka irin su Reddit suka ɗauke. Bayanin da kamfanin ya fitar ya nuna cewa a kan kowace na'urar ajiya akwai wata ƙaramar manhaja mai aika rahoto zuwa wata na'ura ta daban. Na'urar karɓar rahoton ta lalace aka canza ta, amma sabon adireshinta bai isa ga kowa ba. Wasu na'urori suka ci gaba da neman tsohuwar, kuma kowane yunƙuri yana cin ƙwaƙwalwa ba ya mayarwa. Kwanaki aka yi ba a lura ba. Da abin ya kai maƙura, na'urori da yawa suka maƙale a lokaci ɗaya, har tsarin da ke mayar da aiki kan lafiyayyu ya rasa isassun lafiyayyun da zai ɗora wa.

Akwai kuma wata hanyar cika wadda yin kwafin ne da kansa ke haddasa ta. Babbar na'ura tana aika wa kowane kwafi saƙon duk canjin da aka yi. In kwafin ya ɓace, saboda yankewar wuta ko layin sadarwa, sai ta riƙa tara masa saƙonni tana jiran dawowarsa. A manhajar PostgreSQL ana iya tsara ta ta yi ta tara wannan saƙo har faifai ya cika, kuma sai a fitowa ta 13, a 2020, aka ƙara hanyar sa wa tarin iyaka. Ita kuwa Redis, tun a tsarinta na asali takan yanke hulɗa da kwafin da saƙonsa ya kai megabait 256. A ƙasashenmu, inda ɗauke wuta da yankewar layi suke abin kullum, ɗan'uwan da aka ajiye don ceto yana iya zama sanadin mutuwar babba.

Abin da yaƙi ya fallasa

Yoyo ajali ne da tagwaye ke tarayya a kai ta fuskar lokaci. Akwai makamancinsa ta fuskar wuri, kuma shi ne Sudan ta gani. Khartoum da Omdurman da Bahri birane uku ne da kogi ya raba, gadoji suka haɗa. A idon mai tsara na'urori, ajiye kwafi ɗaya a wannan gaɓa ɗaya a waccan ya isa, domin gobara ko ambaliya ba za ta ci duka biyu ba. A ranar 15 ga Afrilu, 2023, faɗa ya tashi tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF, biranen uku suka zama fagen daga guda.

Kamfanin EBS, wanda ke sada bankunan ƙasar da juna daga Khartoum, ya daina aiki, tura kuɗi daga wani banki zuwa wani ya tsaya. Jama'a suka raja'a kan manhajar Bankak ta Bankin Khartoum, ita ma tana yi tana ɗaukewa. A farkon Fabrairun 2024 kuma layukan MTN da Sudani da Zain suka ɗauke a kusan faɗin ƙasar, ɓangarorin biyu suna zargin juna. Ko wane ne ya yi, abin ya yiwu ne saboda zuciyar kamfanonin tana birni ɗaya. Sai da aka tayar da wasu na'urori a Port Sudan, a bakin Bahar Maliya, sannan layuka suka fara dawowa. A tsakanin nan, ɗakunan girkin sa-kai da ke ciyar da unguwanni da kuɗin da 'yan'uwa ke turowa ta waya, da yawansu sun sauke tukunya. Tsarin rumbun bayanai ya zama batun tuwon dare.

Abin da za a iya cewa a kan ra'ayina

Wani zai ce: to a daina kwafi ke nan? Ko kusa. A 2023 wuta ta cinye ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahlia ta Omdurman, kuma duk takardar da ba ta da kwafi a wani wuri ta tafi ke nan. Kwafi wajibi ne. Abin da nake ƙi shi ne a ƙirga na'urori a ɗauka an ƙirga tsaro.

Wani kuma zai ce nisanta kwafi yana da tsada, yana kuma jinkirta aiki. Gaskiya ne, saƙo zuwa Port Sudan ya fi daɗewa a hanya fiye da saƙo zuwa ɗakin da ke kusa. Sai dai ba dole ne kwafi na nesa ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da babba ba. Wanda ke biye da jinkirin 'yan mintoci ya wadatar wa jami'a ko asibiti, kuma asarar rajistar mintoci biyar ba ta kai asarar ta shekara ashirin ba. Masu tsoron kai bayanan 'yan ƙasa waje su ma suna da hujja, amma ƙasa ba birni ɗaya ba ce.

Abin da nake ba ɗalibaina shawara

Na farko, a auna ƙwaƙwalwa kullum a zana jadawalinta. Abin dubawa shi ne alkiblar layin: in yana hawa mako bayan mako alhali aiki bai ƙaru ba, akwai yoyo ko da saura wuri mai yawa. Na biyu, in dole ne a riƙa kashewa da kunnawa kafin a gano kuskuren, a rubuta shi a matsayin ciwo da ake jinya, a raba ranakun, ta yadda na'urorin ba za su zama sa'o'in juna ba. Haka nan sabuwar fitowar manhaja, a ɗora ta kan ɗaya a jira kwanaki kafin sauran. Na uku, a sa wa duk wani tarin saƙo iyaka. Gara a sake gina kwafin da ya yi nisan kiwo da a rasa babba. Na huɗu, kwafi ɗaya ya bar gari, ya sha wuta daga wani layi, ya bi wata hanyar sadarwa. Na biyar, a zaɓi rana a kashe babbar na'ura da gangan a ga ko sauran za su ɗauki kayan, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu da ke karanta wannan a Kano ko Zariya ko Maraɗi, gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet da dama na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma a rana guda, masu hulɗa da bankuna a Nijeriya suka ji a jikinsu, ga shi kuma yawancin manyan cibiyoyin bayanan ƙasar a Legas suke. Duk shugaban jami'a ko asibiti da aka ce wa bayanansa suna da kwafi uku, ya kamata ya tambayi inda kowanne yake, da wace manhaja yake aiki, da ranar da aka gwada shi ta ƙarshe.